Barin Windows 10: shin firinta da sikana za su bi mu?

Mai Sakatariya, Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta a cikinmu, domin al'amarin ya shafi abincina da na yaran da ke aiki tare da ni. Ina da shagon buga takardu da kwafe su, da kwamfutocin tebur guda uku da ta tafi-da-gidanka guda ɗaya, dukansu na hannu ne kuma suna kan Windows 10. Kamar yadda kuka sani, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 aka daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, kuma babu ko ɗaya cikin kwamfutocina da ta cika sharuɗɗan Windows 11. Wani ya ce in koma Linux tunda kyauta ce, wani kuma ya ce in sayar da su duka in haɗa kuɗin in sayi Mac ɗaya mai kyau. Abin da ke damuna shi ne kayan da ke jone da su: tsohuwar firintar leza mai buga baƙi da fari, wadda ita ce ke kawo mafi yawan cinikin, da firinta mai launi mai tankin tawada, da sikana, da ƙaramin kilen Wi-Fi. Idan na sauya babbar manhaja, waɗannan za su ci gaba da aiki?

Ɗalibin Jami'a:
Wa alaikumus salam Baba. Ni dai shawarata ita ce Linux Mint. Fitowa ta 22 an gina ta ne a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Akwai nau'inta mai suna Xfce da ke tafiya lafiya a kwamfuta mai RAM giga 4, akwai Faransanci a cikinta, kuma galibin direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'urorin da aka jona mata, suna zuwa ne a cikin manhajar kanta, ba sai an je neman faifai ba. A wurinmu ɗalibai da dama sun koma, kuma madannai da linzami da allo da sauti duk sun yi aiki tun daga tashin farko.

Mai Gyara, Kasuwar Dole:
Ƙanena, abin da ka faɗa gaskiya ne game da madannai da linzami da kilen ajiya, domin waɗannan suna bin ƙa'ida ɗaya ta USB da kowace manhaja ta sani. Amma Alhaji ba da linzami yake cin abinci ba, da firinta yake ci, kuma a nan ne maganar take da tsawo.

Alhaji, firintoci iri biyu ne a wannan fuska. Akwai masu ƙwaƙwalwar kansu, waɗanda ke fahimtar harshen bugu na gama-gari kamar PCL ko PostScript. Kwamfuta ta aika musu shafi, su kuma su sarrafa shi da kansu. Irin waɗannan kusan ko'ina suna aiki, ko Windows ko Linux ko Mac. Sannan akwai masu araha da aka rage musu ƙwaƙwalwa domin a sauke farashi, inda kwamfutar ce ke yin dukan aikin ta hanyar direban kamfanin, firintar kuma ta fesa abin da aka ba ta kawai. Su ne suka cika shagunan buga takardu daga nan har Kano, saboda suna da juriya kuma tonarsu na samuwa. Misali Canon LBP2900 tana amfani da wani harshe na kamfanin mai suna CAPT. Akwai direbansa na Linux, amma tsoho ne, yana dogara da wasu sassa na 32-bit, kuma girka shi aiki ne na wanda ya saba. HP LaserJet 1020 kuwa ba ta riƙe manhajarta ta ciki idan an kashe ta, dole kwamfutar ta sake tura mata a duk lokacin da aka kunna. A Linux ana samun wannan ta hanyar HPLIP, manhajar firintocin HP ta Linux, da wani ƙari da ake saukewa daga intanet, ko ta foo2zjs. Idan an shirya shi daidai yana aiki, amma ka tuna sau nawa wuta ke ɗaukewa a lokacin zafi, ka ga muhimmancin a tabbatar da cewa turawar tana faruwa da kanta.

Saboda haka kada ka goge komai tukuna. Ka duba lambar samfurin da ke jikin kowace na'ura, cikakkiya da haruffanta, domin harafi ɗaya a ƙarshen lamba yakan bambanta wadda ke da hanyar sadarwa da wadda ba ta da ita.

Malamar Kwamfuta, Birni:
Ina goyon bayan Malam, kuma ina so in ƙara wani abu da nake koya wa ɗalibaina. Sunan da ke rubuce a jikin kwali ba shi ne Linux ke dubawa ba, cif ɗin da ke ciki take dubawa. Kilen Wi-Fi biyu masu suna ɗaya da kala ɗaya suna iya ɗauke da cif daban, domin kamfanoni sukan sauya kayan ciki ba tare da sun sauya suna ba. Haka ma kwamfutocin tafi-da-gidanka biyu na samfuri ɗaya, ɗaya tana iya zuwa da katin Wi-Fi na Intel, ɗayar da na Broadcom.

Alhaji, tun kana kan Windows za ka iya sanin abin da kake da shi. Ka buɗe Gestionnaire de périphériques, ka danna na'urar sau biyu, ka shiga Détails, ka zaɓi Numéros d'identification du matériel. Za ka ga VEN da lambobi huɗu, sannan DEV da wasu huɗu. VEN ita ce lambar kamfanin da ya ƙera cif ɗin: 8086 Intel ce, 14E4 Broadcom, 10EC Realtek, 10DE Nvidia, 1002 kuma katin hoto na AMD. Na'urorin USB suna nuna VID da PID a maimakon haka. Katin Wi-Fi na Intel yawanci yana tashi nan take a Linux. Na Broadcom sau da yawa sai an ƙara masa direba bayan an girka manhajar, wanda ke jefa mutum cikin halin neman intanet domin ya gyara abin da zai ba shi intanet. Mafitar tana da sauƙi: a jona wayar Android da kebul, a kunna raba intanet ta USB, Linux za ta gane ta ba tare da wani direba ba. Kuma a Mint, Gestionnaire de pilotes yana iya ɗauko direban Broadcom daga kilen da aka girka manhajar da shi.

Mai Hoto, Zango:
Tunda an ambaci Mac, bari in sa baki, domin da ita nake aikin hotunan biki da bidiyo. Alhaji, na'ura ce mai kyau ƙwarai, batirinta yana daɗewa, amma ban ga dacewarta da shagonka ba. Tun Nuwamba 2020 Apple ya fara barin firosesar Intel ya koma tasa mai suna M1, kuma a kan waɗannan sababbin babu Boot Camp, wato ba za ka ɗora Windows a gefe ba kamar yadda ake yi a da. Tun fitowar macOS Catalina a 2019 kuma aka daina karɓar manhajojin 32-bit, abin da ya bar tsofaffin sikanoni da firintoci da yawa ba su da manhajar da za ta tuƙa su. MacBook Air mai M1 ramukan USB-C biyu gare ta, ka ga firinta da sikana da kilen abokin ciniki duk sai ta mahaɗi, kuma allo ɗaya kawai take ɗauka a waje. RAM ɗinta a manne take, ba a ƙarawa bayan an saya.

Babbar matsalar a wurinka ita ce ajiya. Mac tana karanta faifan da aka tsara da NTFS, tsarin Windows ke nan, amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Ɗalibi zai kawo maka faifansa ya ce ka gyara masa shafi ka mayar, ka kasa mayarwa. Sannan wanda zai sayi Mac ta hannu mai Intel saboda arha ya sani cewa Apple ya riga ya sanar da cewa macOS Tahoe ita ce ta ƙarshe ga masu Intel, wato abin da Alhaji ke gudu shi zai sake tararwa nan gaba kaɗan.

Ɗalibin Jami'a:
Yaya, a wannan fuskar Linux ta fi, domin tana karanta NTFS tana kuma rubutawa, haka ma FAT32 da exFAT. Kuma idan wani direba ya ƙi samuwa, ai akwai Wine da ke buɗe manhajojin Windows a cikin Linux.

Mai Gyaran Waya, Tasha:
A'a ƙanena, a nan ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Wine yana buɗe wasu manhajoji, amma ba ya ɗaukar direbobin Windows, domin direba yana magana ne da zuciyar babbar manhaja kai tsaye. Mu masu gyaran waya mun san wannan sosai. Akwatunan da muke sake ɗora manhajar waya da su, da ƴan kilen lasisin da ke tare da su, kusan dukansu don Windows aka yi su. Haka masu injin yanka sitika da masu buga katin shaida na roba. Duk wanda sana'arsa ta rataya a kan irin wannan na'ura, na'urar ce ke zaɓa masa babbar manhaja, ba shi ke zaɓa ba. Hanyar da ta rage ita ce a kunna Windows a cikin Linux ta hanyar manhajar VirtualBox a miƙa mata na'urar ta USB, amma wannan yana son RAM da yawa, kuma a kwamfuta mai giga 4 manhajoji biyu a lokaci ɗaya wahala ce kawai. Kuma ba zan amince in ɗora manhajar wayar mutum ta wannan hanya ba, domin waya takan katse ta sake haɗuwa da wata lambar USB daban a tsakiyar aiki, idan miƙawar ta yi jinkiri an kashe wa mutum waya.

Mai Gyara, Kasuwar Dole:
Kafin a ci gaba, ina so Alhaji ya tabbatar da maganar Windows 11, domin na sha ganin kwamfutar da aka ce ba ta cancanta ba alhali TPM ɗinta, wato cif ɗin tsaro, ne kawai ke kashe a cikin BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Sharuɗɗan su ne TPM 2.0, da UEFI mai Secure Boot, da RAM giga 4, da ajiya giga 64, da firosesar Intel daga zuriya ta takwas ko AMD Ryzen daga jerin 2000. A zuriyoyin da ke ƙasa da ta goma, ana gane zuriyar daga lambar farko bayan jan layi: i5-8250U ta takwas ce, i5-6300U ta shida, i5-3320M ta uku. Idan ta takwas ce ko sama, a shiga BIOS a nemi TPM ɗin a kunna, sunansa PTT a na Intel, fTPM a na AMD. Kuma ko wanda ya samu shiga Windows 11 bai tsira daga wannan tambaya ba, domin 64-bit kawai take, saboda haka tsohuwar sikanar da direbanta na 32-bit ne kaɗai ba za ta tashi ba. Sababbin kwamfutocin Windows masu firosesar Snapdragon su ma ba sa karɓar direbobin da aka rubuta don Intel.

Mai Sakatariya, Sabon Gari:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba kamar yadda Malama ta nuna. Kwamfutocin tebur biyu zuriya ta huɗu ne, ɗaya ta uku, ta tafi-da-gidanka kuma ta shida, ka ga maganar Windows 11 ta wuce. Katin Wi-Fi na tafi-da-gidankar ya nuna 8086. Na kuma fahimci cewa firintar lezata tana cikin nau'i na biyu da Malam ya bayyana. Yanzu ta yaya zan gwada ba tare da na taɓa takardun mutane da ke ciki ba? Akwai rubuce-rubucen kammala karatu na ɗalibai da takardun ƴan kasuwa da aka ba ni amana.

Malamar Kwamfuta, Birni:
Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, Alhaji, kuma amsarta ce ta sa ba sai an yi cinikin biri a sama ba. Linux Mint da Ubuntu suna iya tashi daga kilen USB ba tare da an girka su ba. Fayil ɗin Mint ya kai kusan giga 3, don haka wanda ya riga ya sauke ya taimaka maka da shi a maimakon ka ƙona data. A rubuta shi a kile mai giga 8 da Rufus ko Ventoy, a kunna kwamfutar a danna maɓallin zaɓen wurin tashi, wanda yawanci F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP. Manhajar za ta buɗe a cikin RAM, faifanka na ciki yana nan yadda yake, idan ka cire kilen ka sake kunnawa Windows ɗinka ce za ta dawo.

A cikin wannan gwaji kada ka tsaya a kan ganin sunan firinta ya bayyana, domin sunan yakan bayyana alhali takarda ba ta fita. Ka buga shafi na gaske mai hoto da tebur, ka buga takarda mai shafuka da yawa, ka kashe firintar ka kunna ka sake bugawa. A mai launin ka duba ko za ka iya zaɓar takardar hoto da ingancin bugu, kuma ka duba yadda za ka wanke kan bugu idan ya toshe. Wannan na ƙarshe mutane suna mantawa da shi, alhali da ƙurar hunturu ta garin nan kan bugu yana yawan toshewa, kuma a wasu samfura manhajar Windows ce ke da maɓallin wankewa, sai dai idan akwai shi a jikin na'urar. Epson yana fitar da direban Linux na firintocinsa masu tanki da kuma manhajar sikana mai suna Epson Scan 2, HP yana da HPLIP. Firintocin zamani masu Wi-Fi da ke aiki da AirPrint ko IPP Everywhere kuwa ba sa buƙatar direba ko kaɗan, tsarin bugu na CUPS da Linux da Mac ke amfani da shi yana gane su da kansa. Sikana ita ce na fi jin tsoro. A Linux tsarin SANE ne ke tuƙa sikanoni, yana da jerin samfuran da yake ɗauka da matsayin kowanne, kuma akwai waɗanda ba ya ɗauka sam. Idan ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lsusb za ka ga lambar na'urar, da ita ake dubawa a jerin.

Sai madannai. Kwamfutocin da suka zo ta Kwatano yawanci AZERTY ne, waɗanda suka zo ta Kano kuma QWERTY, kuma ana zaɓar tsarin ne a cikin manhaja, don haka wannan ba matsala ba ce. Ga masu buga Hausa, Linux tana da tsarin madannai na Hausa, kuma manhajar madannai ta Keyman tana aiki a Windows da Mac da Linux, saboda haka ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba za su ɓace ba.

Mai Gyara, Kasuwar Dole:
Ina ƙarawa a kan na Malama game da ranar girkawa, idan gwajin ya yi kyau. Da farko a kwashe takardun mutane a faifan waje, a buɗe su a wata kwamfuta a tabbatar sun kwafu. Idan za a bar Windows a gefe, a kashe Démarrage rapide, domin yana barin faifan cikin rabin barci, Linux kuma ta ƙi rubutu a kansa don kada ta lalata shi. Idan akwai BitLocker, makullin faifai na Windows, a kunne, a rubuta lambarsa ta ceto mai lambobi 48 a takarda kafin a taɓa BIOS. Kuma a wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka mai girkawa ba ya ganin faifan ciki ko kaɗan, ba don ya lalace ba, sai don an saita shi a kan RST ko RAID a maimakon AHCI. Sauya wannan kai tsaye yana iya hana Windows tashi, sai an bi ta yanayin gyara na Windows, wato mode sans échec, tukuna. Wannan ba aikin da za a yi ana tsakiyar ciniki ba ne.

Mai Hoto, Zango:
Ni a ganina akwai hanya mafi sauƙi. Alhaji ya bar kwamfuta ɗaya a kan Windows 10 da firintar lezar a jone, ya raba firintar ta hanyar sadarwar shago, sauran ukun su koma Linux suna aiko mata da bugu.

Malamar Kwamfuta, Birni:
Rabin shawarar na yarda da shi, Malam, wato barin kwamfuta ɗaya. Amma rabawar ba ta warware matsalar direba ba. Idan Windows ta raba firinta, yawanci tana miƙa abin da aka aiko mata ne yadda yake, saboda haka kwamfutar da ke aikowa ita ma sai ta iya harshen firintar. Ga firinta mai PCL babu damuwa, amma ga irin ta Alhaji an koma inda aka fito. Abin da ke aiki shi ne a buɗe jaka ɗaya ta tarayya, yaran su mayar da aikinsu PDF su ajiye a ciki, wanda ke kan kwamfutar Windows ya buga. Wannan yana da ƙarin amfani, domin PDF ba ya sauya tsarin shafi tsakanin manhajoji.

Mai Gyaran Waya, Tasha:
To amma wannan kwamfutar da za a bari, ita ce fa marar gyaran tsaro, kuma a shagon buga takardu ba ta intanet cuta ta fi shigowa ba, ta kilen abokan ciniki take shigowa, kile ɗaya ya zaga shaguna da yawa kafin ya iso. Idan za a bar ta, a cire ta daga intanet, kuma a kafa doka cewa ba a soka mata kilen kowa. Kilen baƙo a kwamfutar Linux za a buɗe shi, inda waɗannan cututtukan masu ɓoye fayil su bar gajerar hanya ba sa tashi. Akwai kuma shirin ESU da Microsoft ya buɗe na tsawaita gyaran tsaro ga masu amfani na gida har Oktoba 2026, wanda ke buƙatar asusun Microsoft, amma jinkiri ne kawai.

Ɗalibin Jami'a:
Na karɓi gyaran da aka yi kan Wine. Amma ban yarda a ɗauka tun yanzu cewa firintar lezar ba za ta yi aiki ba alhali ba a gwada ba. Baba, ina da kilen Mint a shirye, zan iya kawo shi shagon bayan la'asar mu gwada a kwamfuta ɗaya. Sai dai direban da aka girka a zaman gwaji yana gogewa idan an kashe kwamfutar, don haka gwajin kashewa da kunnawa na gaske sai an yi shi a kan manhajar da aka girka.

Mai Gyara, Kasuwar Dole:
Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne kada a girka a kan faifan Alhaji. A cire faifan ɗaya daga cikin kwamfutocin tebur a ajiye shi gefe, a sa wani ƙaramin faifai mai sauri na SSD a girka Mint a kai, a yi aikin shago na gaske da shi na ƴan kwanaki, da firintocin biyu da sikanar da kilen Wi-Fi. Idan bai yi ba, a mayar da tsohon faifan, komai ya koma yadda yake, SSD ɗin kuma bai zama asara ba domin zai ƙara wa kowace cikin kwamfutocin sauri. A fara da ta zuriya ta ukun, tunda ita ce mafi rauni, abin da ya tafi a kanta zai tafi a kan sauran. Alhaji, kafin yaron ya zo ka turo mana VID da PID na sikanar da na kilen Wi-Fi, Malama ta duba na sikanar a jerin SANE, ni kuma in duba ko cif ɗin kilen yana cikin waɗanda sai an haɗa musu direba da hannu. Idan haka ne, gara a ja kebul daga ruta zuwa kwamfutar, tunda ba motsa ta ake yi ba.